Bluetooth a Ƙaramar Mota: Yadda Yake Aiki da Inda Ƙarfinsa Ya Tsaya

Kowane kamfanin ƙera motoci yana da samfurin da yake ajiyewa a matakin ƙasa, wanda ake rage wa kayan alatu domin mai ƙaramin ƙarfi ya iya mallaka. Irin wannan mota ana iya hana ta babban allo, a hana ta kyamarar baya, a bar ta da lasifika biyu ko huɗu kacal, amma a 'yan shekarun nan da wuya a fito da sabuwa ba tare da Bluetooth ba, ko da kuwa ɗan maɓallin amsa kira ne kawai a jikin rediyo. Irin motar da nake tuƙawa ke nan, kuma ra'ayin da na tsaya a kai shi ne, Bluetooth ɗinta ya wadatar da buƙatar yawancin direbobi, matuƙar mutum ya san yadda yake aiki da kuma inda ƙarfinsa ya tsaya. Ƙorafe-ƙorafen da aka saba ji daga masu irin waɗannan motoci, na cewa kira yana shiga amma waƙa ba ta fita, ko wanda aka kira ba ya jin magana, ko haɗin yana yankewa, duk suna da dalilai sanannu, kuma da yawansu ana magance su ba tare da an kwance ko noti ɗaya ba.

Fasahar ta samo asali ne daga kamfanin Ericsson na ƙasar Suwidin a shekarar 1994, sannan a 1998 kamfanoni biyar, wato Ericsson da Nokia da IBM da Intel da Toshiba, suka kafa ƙungiyar da ke tsara ƙa'idojinta har zuwa yau. Tana aiki a zangon rediyo na gigahaz 2.4, wanda Wi-Fi ma yake amfani da shi, kuma domin kauce wa karo da sauran na'urori tana tsalle tsakanin tashoshi 79, har sau 1,600 a cikin daƙiƙa ɗaya. Nisan da wayar hannu ke kaiwa da ita kimanin mita goma ne, wanda ya fi ƙarfin cikin kowace mota. Abin da ya shafi direba a wannan bayani shi ne, jikin ɗan Adam, saboda yawan ruwan da ke cikinsa, yana shanye irin wannan sigina sosai. Wayar da aka zauna a kanta a aljihun baya, matse tsakanin jiki da kujera, ta fi saurin sa sauti ya riƙa sarƙewa a kan wadda aka ajiye a maƙalinta ko a ɗan ramin da ke kusa da giya.

Babban abin da ke rikita mutane shi ne ɗaukar Bluetooth a matsayin abu guda, alhali kuwa tarin ƙa'idoji ne, kowace da aikinta, kuma ba dole ba ne mota ta san dukkansu. Ƙa'idar da ke ɗaukar kira ita ce HFP, wadda ke kai muryar mai kira zuwa lasifika, ta kuma ɗauko muryar direba daga makirufo. Wadda ke ɗaukar waƙa ko karatu ko shirin da aka sauke a waya ita ce A2DP, kuma hanyarta ɗaya ce tal, daga waya zuwa mota. Akwai AVRCP, wadda ke ba maɓallan sitiyari ikon tsayar da abin da ake sauraro ko tsallakawa zuwa na gaba, sai kuma PBAP, wadda ke kwafe sunaye da lambobi daga waya zuwa ƙwaƙwalwar rediyo. Motoci da dama da aka ƙera a farkon shigowar wannan fasaha HFP kaɗai suka sani, saboda haka mai irin wannan mota ko zai kwana yana latse-latse ba zai ji waƙa ta Bluetooth ba, domin tun a masana'anta ba a buɗe mata wannan hanya ba. Idan kuwa motar ta san HFP da A2DP duka biyun amma ɗaya ya ƙi aiki, wurin dubawa na farko shi ne saitin waya, ƙarƙashin sunan motar, inda wayoyin Android ke nuna makunni na kira daban da na sauti, kuma sau da yawa za a tarar ɗayansu a kashe yake. Shi ma rediyon sai an juya shi daga FM zuwa sashen Bluetooth kafin waƙa ta fito, alhali kira yana kutsowa da kansa ko me ake sauraro.

Haɗa waya da mota karon farko aiki ne na wanda ya yi fakin ya ja birkin hannu, kuma motoci da yawa ba sa yarda a yi shi suna tafiya, abin da nake ganin daidai ne. Tun daga siga ta 2.1 ta Bluetooth da ta fito a 2007, waya da mota suna nuna lamba mai alƙaluma shida, mutum ya duba ya ga sun zo ɗaya sannan ya amince. Tsofaffin rediyoyi kuwa suna neman a shigar da lambar sirri, wadda galibi 0000 ce ko 1234, kuma tana rubuce a littafin motar. Daga nan waya za ta tambaya ko a ba motar izinin ganin sunaye da tarihin kira. Wanda ya hana izinin zai ci gaba da amsa kira lafiya lau, sai dai lamba zalla zai riƙa gani a allo. Rediyon ƙaramar mota wayoyi ƙalilan yake iya tunawa, kuma idan gurbi ya cika wasu suna ƙin karɓar sabuwa ba tare da sun faɗi dalili ba. Duk lokacin da haɗi ya rikice, musamman bayan waya ta sabunta manhajarta, maganin da ya fi aiki shi ne a goge motar daga waya, a goge wayar daga mota, a sake haɗawa tun daga farko. Gogewa a gefe ɗaya ba ta isa ba, domin kowane ɓangare yana riƙe da mabuɗin sirrin da suka ƙulla tare, kuma idan ɗaya ya yar da nasa, ɗayan zai ci gaba da gabatar da tsohon ana ƙin karɓa.

Duk wanda kira ya taɓa katse masa waƙa a mota ya lura da yadda sauti ke sirancewa nan take. Hanyar kira an gina ta ne domin murya ta je ta dawo a lokaci guda ba tare da jinkiri ba, shi ya sa aka ƙuntata ta. Tsohon tsarin, mai suna CVSD, yana auna sauti sau 8,000 a daƙiƙa, wato daidai da wayar tarho ta da, wadda ba ta wucewa da komai sai abin da ke tsakanin haz 300 da 3,400. A cikin wannan ƙunci baƙaƙe irin su "s" da "f" suke kama da juna, shi ya sa karanta wa mutum baƙon suna ta waya yake da wahala. Siga ta 1.6 ta HFP ta zo da tsarin mSBC mai aunawa sau 16,000, wanda ke faɗaɗa murya har kusan haz 7,000, kuma bambancin a bayyane yake ga kunne. Sai dai ba a samun wannan faɗi sai waya da mota da layin sadarwa duk sun goyi bayansa.

A ganina, inda ƙaramar mota ta fi bambanta da mai tsada a harkar kira shi ne makirufo da kuma irin hayaniyar da ke kewaye da shi. Direba ba ya jin yadda muryarsa ke isa, don haka yakan ɗauka komai lafiya, alhali wanda ke ɗaya gefen yana ta fama. Motoci masu tsada sukan zo da makirufo biyu ko fiye, da na'urar da ke kwatanta abin da kowanne ya ji domin ta ware muryar direba, ga kuma kayan tare ƙara da aka cusa a ƙofofi da ƙasa da rufi. Ƙaramar mota guda ɗaya take da shi, ɗan ƙaramin rami ne, wani lokaci kusa da fitilar rufi ko madubin tsakiya, wani lokaci kuma a fuskar rediyon kanta, nesa da baki kuma dab da ramukan iska. Abin tare ƙara a jikinta kaɗan ne, saboda haka gurnanin taya a kan kwalta da kukan iska da ƙarar inji duk suna shiga tare da murya, kuma suna ƙaruwa yayin da gudu ke ƙaruwa.

Wanda ya gano inda ramin makirufon motarsa yake ya samu bakin zaren. Ɗaga gilashi kafin a amsa kira ya fi kowane saiti tasiri, musamman gilashin gefen direba. Rage gudun fankar iyakwandishan da mataki ɗaya ko biyu, ko karkatar da ramin da ke hura wa makirufo kai tsaye, yana cire wani huci da mai kira yake ji kamar ana busa masa iska a kunne. Ba a buƙatar ɗaga murya ko sunkuyawa wajen rediyo, domin an auna na'urar ne da murya ta yau da kullum ta mutumin da ke zaune yana kallon hanya, ihu kuwa cika makirufo yake yi har sauti ya fashe. Akwai gwajin da nake ba kowa shawarar ya yi ko sau ɗaya: a bar waya a haɗe da mota, inji a kunne, fanka tana aiki, wani ya zauna a kujerar direba, shi kuma mai motar ya fita ya kira lambarsa da wata wayar, ya ji da kunnensa abin da mutane suke ji daga gare shi. A nan zai gane ko fanka ce matsalarsa, ko wurin makirufo, ko wani abu da aka rataya a madubi yana bugawa kusa da shi.

Akwai kuma matsalar muryar da ke dawowa. Muryar mai kira tana fita ta lasifika, ta bugi gilashi, ta koma cikin makirufo, sai ya ji kansa yana maimaita abin da ya faɗa. Kowane rediyo yana da tsarin da ke ƙoƙarin cire wannan amsa-kuwwa, amma na masu sauƙin kuɗi yana gazawa idan aka ƙure sauti, domin lasifikar da aka matsa wa tana gurɓata muryar ta yadda na'urar ba ta iya gane ta balle ta cire ta. Don haka idan wani ya ce muryarsa tana dawo masa, gyaran yana hannun direba, wato ya rage ƙarfin sautin kiran, wanda a yawancin rediyoyi ake daidaita shi daban da na waƙa, yayin da kiran ke gudana. Wasu rediyoyin kuma suna danne makirufo duk lokacin da ɗaya gefen yake magana, abin da ke sa farkon kalmomin direba su ɓace idan bakinsu ya haɗu. Wanda ya san motarsa haka take sai ya saba da jira a kai aya kafin ya amsa.

Game da waƙa da sauran abin sauraro, ana yawan cewa Bluetooth yana rage ingancin sauti, kuma akwai ƙanshin gaskiya a maganar. Faifan CD yana ɗauke da kilobit 1,411 a daƙiƙa, yayin da SBC, tsarin matse sauti da ya wajaba a kan duk na'urar da ke da A2DP, yakan tsaya a kusan 328 a kyakkyawan yanayinsa. Akwai wasu tsare-tsaren, kamar AAC da wayoyin iPhone ke amfani da shi, da aptX na Qualcomm, da LDAC na Sony, amma sai ɓangarorin biyu sun san tsari ɗaya, kuma rediyon ƙaramar mota galibi SBC ya sani, wani lokaci da AAC. Duk da haka ban yarda cewa nan gizo ke saƙar ba. A cikin mota mai tafiya, da lasifika mai araha a ƙasan ƙofa kusa da ƙafa, da gurnanin hanya da ke danne amon ƙasa, abin da aka rasa wajen matsewa ya yi ƙanƙantar da kunne zai kama shi. Wanda ke son sauti ya gyaru, canza lasifikan gaba zai fi yi masa amfani nesa ba kusa ba. Haka nan lambar sigar da ake tallatawa a kwalin waya, 5.0 ko 5.3, ba ta ƙara wa waƙa daɗi a irin waɗannan motoci, domin yawancin abin da aka ƙara a sababbin sigogin ya shafi reshen Bluetooth mai ƙarancin cin batir, waƙa kuwa ta tsohon reshen take bi.

Abin da ya fi tasiri, kuma ba ya cin ko sisi, shi ne daidaita ƙarfin sauti a wurare biyun. Idan na waya yana ƙasa aka ƙure na rediyo, ana ɗaga sautin shuu na na'urar tare da waƙar, sannan da zarar an juya zuwa FM sai ƙara ta razana kowa. Ya fi kyau a kai na waya kusa da ƙarshe, a riƙa sarrafawa daga maɓallin mota. Nuna sunan waƙa a allo ya fara ne daga siga ta 1.3 ta AVRCP, kuma idan sunan ya ɓace ko maɓallin tsallakawa ya daina aiki bayan an sauya waya, galibi saɓanin siga ne. Wayoyin Android suna da ɓoyayyen sashe na masu ƙirƙirar manhaja inda ake iya mayar da sigar baya. Wasu rediyoyin kuma da zarar sun haɗu sai su aika umarnin kunnawa, abin da aka saurara na ƙarshe ya tashi da kansa a gaban duk wanda ke cikin mota, kuma hanya mafi sauƙi ta hana haka ita ce a mayar da rediyo FM kafin a kashe inji.

Sautin da ke bi ta A2DP yana isa a makare da wani ɓangare na daƙiƙa, domin sai an matse shi, an tara shi, sannan an warware shi. Ga waƙa wannan ba komai ba ne, amma ga muryar taswira yana da illa, saboda wasu rediyoyin suna rufe hanyar idan shiru ya yi tsawo, kuma kafin su farka kalmomin farko sun wuce, sai direba ya ji ƙarshen umarni bai ji farkonsa ba a daidai lokacin da yake tunkarar mararraba. Idan kuma rediyo yana kan FM, muryar takan bi hanyar da ba a buɗe ba, ba a ji ta a mota ba, ba a kuma ji ta a waya ba. Wasu manhajojin taswira suna da zaɓin aika muryar a matsayin kira, ko a bar ta ta fito daga lasifikar wayar, kuma ɗaya daga cikin biyun yakan warware matsalar. Kiran WhatsApp da makamantansa ta HFP yake bi, sai dai tsofaffin rediyoyi ba koyaushe suke nuna sunan mai kira ba, wani lokaci ma maɓallin amsawa ba ya aiki da shi.

Motar da mutum biyu suke tuƙawa tana da nata rikicin, domin rediyonta galibi waya ɗaya yake riƙewa a lokaci guda, kuma yakan nemi wadda ya rabu da ita a ƙarshe. Wayar da ke cikin gida kusa da inda aka yi fakin tana iya kama motar da zarar an tayar da ita, har kiran mai wayar ya faɗa cikin lasifikar mota shi kuma yana can yana ta cewa ba ya ji. Yankewar waƙa a tsakiyar tafiya kuwa sau da yawa daga tsarin adana batir na waya take, wanda ke rufe manhaja idan allo ya mutu, ko daga rabon intanet ta Wi-Fi a zangon da Bluetooth ke aiki.

Wanda motarsa ba ta da A2DP, ko ba ta da Bluetooth gaba ɗaya, yana da mafita. Idan akwai ramin AUX mai milimita 3.5, wato inda ake soka igiyar sauti a rediyo, ƙaramar na'urar karɓar Bluetooth da ake sokawa a ciki ita ce mafi tsabtar sauti. Idan babu, akwai wadda ake sokawa a soket mai bolt 12, ta karɓi sauti daga waya ta watsa shi a kan wata tasha ta FM da babu kowa, tsakanin megahaz 87.5 da 108. Tana aiki, amma a babban birni mai yawan gidajen rediyo samun tasha mai shiru yana da wuya, kuma makirufonta yana can ƙasa kusa da gwiwa, saboda haka ba na ganin ta dace da kira. Idan aka ji wani siririn kuka da ke tashi yayin da ake taka totur, daga altaneta yake shigowa ta hanyar caja, kuma akwai ɗan abin tacewa da ake sa wa igiyar AUX ya kashe shi. Mai niyyar canza rediyon baki ɗaya kuwa ya dage wa rewaya ya ja makirufo na waje ya maƙala shi sama kusa da makarin rana, kada ya bar shi da na fuskar rediyo don gudun wahalar jan igiya.

Batun da ya fi damuna a wannan harka shi ne yadda mutane ke ɗaukar kira ba tare da riƙe waya ba a matsayin kira marar haɗari. A shekarar 1997 Donald Redelmeier da Robert Tibshirani suka wallafa binciken da suka yi a Toronto ta Kanada a kan direbobi 699 da suka yi hatsari, inda suka kwatanta lokacin hatsarin da bayanan kiran wayoyinsu. Sun gano cewa haɗarin karo yana ninkawa kusan sau huɗu yayin da ake waya, kuma na'urorin da ba sa buƙatar riƙewa ba su nuna wani fifiko na aminci ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ma matsayinta ke nan, cewa mai waya yana tuƙi ya fi wanda ba ya yi shiga hatsari da kusan ninki huɗu, kuma sakin wayar daga hannu ba ya rage haɗarin sosai. Dalilin kuwa shi ne, hira tana cin hankali, kuma idon da ke kallon hanya yana iya kallo ba tare da ƙwaƙwalwa ta karɓi abin da ya gani ba. Akan ce ai hira da fasinja ma hira ce, amma fasinja yana ganin abin da direba ke gani, yana yin shiru da kansa idan babbar mota ta kutso, wani lokaci ma shi ke fara cewa a kula. Wanda ke ɗaya gefen waya bai san an iso shataletale ba, yana ci gaba da tambaya, kuma kunya takan sa direba ya ci gaba da amsawa.

Lissafin gudu yana bayyana girman abin. Motar da ke tafiyar kilomita 100 a awa tana cin kusan mita 28 a kowace daƙiƙa, saboda haka jinkirin daƙiƙa ɗaya wajen kai ƙafa kan birki ya isa ya raba tsayawa da karo. Umarnin murya ma bai tsira ba, domin binciken da David Strayer da abokan aikinsa na Jami'ar Utah suka yi wa gidauniyar AAA, ƙungiyar masu motoci ta Amurka, a 2015 ya nuna cewa hankali yana iya ɗaukar har daƙiƙa 27 kafin ya dawo kan hanya sosai bayan an gama ba na'ura umarni, wanda a gudun kilomita 40 a awa tafiyar mita 300 ce.

Wannan ba ya nufin Bluetooth ba shi da amfani. Ƙananan motoci da yawa giyar hannu gare su, kuma direban da ya riƙe waya da hannu ɗaya yana canza giya da ɗayan ya saki sitiyari ke nan. Amfanin Bluetooth na gaskiya shi ne waya ta zauna inda aka ajiye ta tun daga tashi har isa, babban yatsa ya amsa kira ko ya ƙi shi daga sitiyari, ido bai bar gilashi ba. Abin da nake yi, kuma nake ganin ya dace, shi ne in zaɓi abin da zan saurara kafin in motsa, in buɗe kowane kira da sanar da cewa ina tuƙi, in taƙaita shi ga abin da jimla biyu ko uku za su ɗauka. Maganar da ke buƙatar lissafi, ko rubuta lamba, ko wadda za ta tayar da rai, ta wanda ya samu wuri ya yi fakin ce, haka ma saƙon murya, tunda sai an buɗe waya an nemo shi an latsa. A cikin ruwan sama, ko cunkoso, ko kusa da makaranta lokacin tashi, barin kira ya katse ya fi. Wayoyin zamani suna da yanayin tuƙi da ke danne sanarwa, wanda Apple ya shigo da shi iPhone a 2017, kuma ana iya sa shi ya kunna kansa da zarar waya ta haɗu da mota. Dokoki sun bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa: Birtaniya ta haramta riƙe waya ana tuƙi tun Disamba 2003, Faransa kuma daga Yuli 2015 ta haramta har da abin sauraro na kunne, ta bar tsarin da ke jikin mota, don haka wajibi ne kowa ya san dokar inda yake tuƙi.

Akwai kuma haƙƙin wanda ya kira. Shi a zatonsa da mutum ɗaya yake magana, alhali muryarsa tana fita ta lasifika a gaban duk wanda ke cikin mota, kuma ƙofar ƙaramar mota ba ta riƙe sauti, ta yadda wanda ke tsaye kusa a wurin fakin yana jin kowace kalma ko da gilashi a rufe yake. Ina ganin wajibi ne direba ya faɗa tun a gaisuwa cewa akwai mutane tare da shi, ya ba mai kira damar zaɓar abin da zai faɗa.

Rediyon mota yana ajiye abin da aka ba shi, wato sunan waya, da sunaye da lambobi, da jerin kiran da aka yi da wanda aka amsa. Wasu rediyoyin suna ɓoye waɗannan idan wayar ba ta kusa, wasu kuma suna nuna su ga duk wanda ya murɗa makulli. A motar haya ko ta aro ya fi dacewa a hana izinin kwafe sunaye tun farko, sannan a goge wayar kafin a mayar da motar. Mai sayar da motarsa kuwa ya shiga saitin rediyo ya goge wayoyin ɗaya bayan ɗaya, ko ya mayar da shi yadda ya fito daga masana'anta idan akwai wannan zaɓi, domin cire kan batir ba ya tabbatar da gogewa a rediyoyin da ke da ƙwaƙwalwar da ba ta buƙatar wuta. Bayan haka ya kashe Bluetooth ɗin wayarsa, ya sake buɗe jerin sunaye a allon motar ya tabbatar babu kowa a ciki kafin ya miƙa makulli.